Kafin Ka Ba Wani Kuɗinka Ya Juya

A Samaru, da zarar ma'aikacin Jami'ar Ahmadu Bello ya karɓi kuɗin sallama, masu "kawo in juya maka" sun fara sallama a ƙofar gidansa. Haka ɗan kasuwar Sabon Gari ranar da ya kwashi adashi. Juya kuɗi kam ya zama dole, domin a Disambar 2024 hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin ɗari, kuɗin da aka bari kwance kuwa darajarsu zagwanyewa take yi. Abin lura shi ne hannun da za a danƙa wa.

Juya dukiyar mutane sana'a ce mai lasisi. Hukumar kula da kasuwar hannun jari, wato SEC, ce ke ba kamfanoni izini, kuma sunayensu na nan a shafinta na intanet. Takardar CAC da ake ratayewa a bangon ofis shaidar rajistar kamfani ce kawai, ba ta ba kowa damar karɓar jarin jama'a ba.

Ƙwararre na gaskiya tambayoyi yake fara yi maka: shekarunka nawa, yaushe za ka buƙaci kuɗin, wace irin asara za ka iya jurewa? Sannan ya rarraba dukiyar. Wani kaso ya tafi takardun gwamnati, wani hannun jari a kasuwar NGX, wani a ajiye kusa saboda kuɗin makaranta da lalurar asibiti. Ladan aikinsa a rubuce yake. Kuɗinka ba sa shiga asusunsa na ƙashin kansa, hannayen jarin da ya saya maka kuma da sunanka za su zauna a CSCS, ma'ajiyar hannayen jari. Idan an ce ka tura kuɗi asusun wani mutum, tashi ka kama hanyarka.

Mai gudun kuɗin ruwa ma yana da mafita. A 2017 Gwamnatin Tarayya ta fara fitar da sukuk na naira biliyan 100 don gina hanyoyi, ana shiga da naira 10,000. Akwai kuma kamfanoni masu lasisi irin su Lotus Capital da ke juya kuɗi bisa tsarin Musulunci, inda riba da asara duka na mai dukiya ne.

A nan ake gane ɗan damfara: shi ba ya ambaton asara. MMM ta yi alkawarin kashi 30 a wata, ta kulle asusun mutane a Disambar 2016. CBEX ta ce za ta ninka kuɗi cikin wata guda, ta rufta a Afrilun 2025. Dokar zuba jari ta 2025 ta tanadi ɗaurin shekara 10 ko tarar naira miliyan 20 ga masu irin wannan harka, amma ɗaure ɓarawo ba ya dawo da uwar kuɗi. Kwaɗayi mabuɗin wahala.

Ko da aminin masallaci ne ya kawo maka tallar, nemi sunan kamfanin a shafin SEC, karɓi yarjejeniya a rubuce, kuma ka riƙa neman bayanin asusunka duk bayan wata 3.