Idan An Tsayar da Zuciya, Me Likitan Barci Yake Kallo?

Dangin majinyaci sukan san sunan likitan da zai yi fiɗa, amma da wuya su tambayi wanda zai tsaya a wajen kan mara lafiya. Sun ɗauka aikinsa allura ce ɗaya, sai barci. A tiyatar zuciya kuwa, shi ne zai riƙa tabbatar da cewa mutum yana raye a lokacin da babu bugun jini, babu numfashi.

Tun majinyaci yana farke ake soka masa siririn bututu a jijiyar wuyan hannu, wadda ake jin bugu a kanta. Awon da ake ɗaurawa a damtse sai bayan 'yan mintuna yake ba da lamba, shi kuwa wannan kowane bugu sai ya nuna shi a kan allo. Maganin barci yana sassauta jijiyoyi, kuma zuciyar da ƙofarta ta ƙuntace ba ta jure faɗuwar jini ko ta ɗan lokaci. Shi ya sa ake tura maganin kaɗan-kaɗan, ido na kan allo. Bayan barci ya kama sai a sa bututun numfashi, da wani a babbar jijiyar wuya, da robar fitsari, da ma'aunin zafi. Akwai kuma na'urar hoto da ake zurawa ta baki zuwa hanyar abinci, domin hanyar ta bi ta bayan zuciya dab da ita, daga nan ana ganin kowace ƙofa tana buɗewa tana rufewa.

Injin da ke karɓar aikin zuciya da huhu, John Gibbon ne ya fara cin nasara da shi a Filadelfiya ta Amurka a 1953. Matsalar injin ita ce jini yana daskarewa da zarar ya taɓa roba. Don haka kafin a haɗa majinyaci da injin, likitan barci zai ba da heparin, maganin hana jini daskarewa, mai yawa, ya ɗebi jini ya auna daƙiƙu nawa yake ɗauka kafin ya yi guda. Na mai lafiya bai fi kamar minti biyu ba. A nan yawancin asibitoci suna jiran ya haura daƙiƙa 480. Sai ya faɗi lambar da ƙarfi kowa ya ji, sannan a kunna inji.

Daga nan abubuwa suke canzawa. Likitan fiɗa zai matse babbar jijiyar da ke fita daga zuciya, a zuba ruwa mai sanyi mai yawan fotashiyam, zuciya ta tsaya cak. Layin bugun da ke tsalle a allo ya miƙe. An kashe injin numfashi, huhu ya kwanta. Ɗan matsin da ke yatsa ma ya daina karanta iskar jini, don bugu yake bi, injin zuciya kuma turawa yake yi bai-ɗaya. A kowane ɗaki dabam wannan hoton mutuwa ne. A nan sai a koma ga wasu alamu: matsakaicin ƙarfin jini, wanda ake riƙewa tsakanin 50 da 80, fitsarin da ke ɗiga cikin jaka, shaidar cewa ƙoda tana samun jini, faifan da aka manna a goshi mai auna iskar da ke isa ƙwaƙwalwa, da gwajin jini a kai a kai. Maganin barcin ma yanzu ta inji ko ta jijiya yake shiga, in aka yi sakaci mutum zai iya farkawa jikinsa a mace.

Akan sanyaya jiki domin gaɓoɓi su rage buƙatar iska. A gyaran lanƙwasar babbar jijiya, inda rassan da ke kai jini kai suke fitowa, akan sauke zafi har wajen digiri 18, a tsayar da injin ma na ɗan lokaci. Ga mai ciwon sikila sanyi haɗari ne, don haka shirinsa dabam ne, sau da yawa har da sauya masa jini tukuna.

A ganina, raba majinyaci da injin ya fi haɗa shi wuya. Sai an ɗumama jiki a hankali, an hura huhu, an leƙa ta na'urar hoto ko iska ta maƙale a cikin zuciya, ko sabuwar ƙofar tana yoyo. Wata zuciyar da kanta take tashi, wata sai an ba ta ɗan shokin lantarki, wata kuma sai an tallafa mata da adrenalin. Mai kula da inji yana rage gudu, likitan barci yana duba ko zuciya ta ɗauki nauyin. In ta gaza a koma inji. In ta ɗauka, sai a ba da protamine ya karya heparin, shi ma sannu-sannu, domin gaggawa da shi tana kayar da jini. Yawanci majinyaci yana barci ake tura shi ɗakin kulawa ta musamman, da allon da bututun duka, sai bayan wasu sa'o'i a cire masa na numfashi.