Akapulko: Garin Baƙi da Fitinar Masu Fataucin Ƙwaya

A gaɓar Tekun Fasifik, cikin jihar Gerero ta ƙasar Meksiko, akwai wata ƙaramar hukuma da ake kira Akapulko, wadda ƙidayar shekarar 2020 ta nuna tana da mutum kusan 780,000. Allah cikin hikimarsa ya yi wa garin wani irin zama na musamman, domin kuwa teku ta kutso cikin ƙasa ta yi lungu mai zurfi, duwatsu kuma suka kewaye lungun ta kowace fuska, har ya zamana jirgin ruwa in ya shigo, ya tsira daga haukan igiyoyi. Wannan ni'ima ce ta sa Turawan Sifen suka mai da shi tashar tijara, ta yadda tun daga 1565 har zuwa 1815 manyan jiragensu suna tasowa daga Manila ɗauke da alharini da tangaran na ƙasar Sin da kayan yaji, su koma da azurfar Meksiko. Ganuwar San Diego, wadda aka gina don tsoron 'yan fashin teku, tana nan har yau, an mai da ita gidan tarihi.

A tsakiyar ƙarni na ashirin sai garin ya zama wurin shaƙatawar attajirai da taurarin fim na Amurka, har John Kennedy da amaryarsa ma can suka yi hutun angwancinsu a 1953. Amma abin da ya fi jan baƙi shi ne wasan dutsen La Kebrada. Saurayi zai hau tsaunin da hannu da ƙafa har tsawon mita 35, ya tsaya ya yi addu'a irin ta addininsa, sa'an nan ya zuba wa teku ido yana jiran igiya ta shigo ta cika ɗan matsattsen kwazazzabon da ke ƙasa, domin in ya yi gaggawa ya faɗa alhali ruwa ya janye, dutse zai tarar. Da dare ma suna yi, riƙe da wutar jiniya a hannu.

To, yaya aka yi gari mai wannan alfarma ya shiga sahun garuruwan da aka fi zubar da jini a duniya? Tashar da ta karɓi alharini ita ce ta dace da karɓar hodar iblis daga Amurka ta Kudu, kuma a tsaunukan Gerero talakawa sun daɗe suna noma furen da ake tatsar ƙaronsa a yi hiroyin. Muddin wannan haramtaccen ciniki yana hannun gida ɗaya, watau ƙungiyar 'yan'uwan Beltran Leiba, kisa bai yawaita ainun ba. Da sojojin ruwa suka kashe shugabanta Arturo a watan Disamba na 2009, aka kuma kama mataimakinsa da ake wa laƙabi da La Barbie a 2010, hukuma ta zaci ta sare kan maciji, ashe gangar jikin ce za ta tashi macizai barkatai. Yaran da aka bari ba su da hanyar kai kaya Amurka, saboda haka suka juya kan mutanen gari, suka aza wa direban tasi da mahauci da mai sayar da wainar masara harajin zalunci, wanda ya ƙi biya a ƙona masa shago ko a raba shi da ransa. A 2011 malaman makaranta suka rufe azuzuwa makonni, saboda an nemi su riƙa ba da rabin albashinsu. A 2018 kuwa gwamnatin tarayya ta ƙwace makaman 'yan sandan garin baki ɗaya, bisa zargin cewa miyagu sun shiga cikinsu.

A ganina mafi munin al'amarin shi ne yadda aka raba tsaro. Babban titin bakin teku, inda otal-otal suke, cike yake da soja, amma kuyangar da ke gyara ɗakin baƙo in ta tashi aiki, bayan dutse take komawa, unguwanni irin su Renasimiyento da Sapata, inda mafi yawan gawawwakin suke faɗuwa. Ko mahaukaciyar guguwar Otis, wadda ta ragargaza garin ran 25 ga Oktoba 2023, ba ta sa azzaluman nan sun sassauta ba, gama a watan Janairu na 2024 direbobin motocin haya sun ajiye aiki kwanaki saboda barazanar kisa, har sai da jami'an tsaro suka riƙa ɗaukar ma'aikata a motocinsu.