Keken ɗinkin Mama: Sana'ar cikin gida da ke riƙe da karatun yaran Nasarawa

Idan aka tambayi ɗalibai daga ina kuɗin littattafansu da na tara ke fitowa, yawanci za su ce daga aljihun Baba. Amsar gaskiya ce, amma a gidaje da dama ba ta cika ba. A unguwar Nasarawa da ke kudu da Kogin Kaduna, akwai gidajen da fensir da takalmin makaranta da kuɗin jarrabawa duk daga ƙarƙashin allurar keken ɗinki suke fitowa. Keken yana nan a kusurwar ɗaki ko a baranda, babu shago, babu allon talla. Mai shi uwa ce da ke ɗinka riguna da hijabai da jakunkunan hannu, kuma ita ce dai ke wanka wa ƙannenmu, ta ba su kalaci, ta raka su bakin titi.

Mun saba da ƙarar keken har mun daina jin ta. A wannan mako mun ga ya dace mu tsaya mu dubi sana'ar da kyau: daga ina ta samo asali, yaya ake tafiyar da ita, ta ina take yoyo, kuma wane irin taimako ne ya dace da ɗan makaranta.

Unguwar da ta tashi da zare

Zare da yadi ba baƙi ba ne a Nasarawa. Unguwar tana maƙwabtaka da Kakuri, inda aka buɗe masaƙar Kaduna Textiles a 1957, zamanin gwamnatin Jihar Arewa ta Sardauna Ahmadu Bello, da haɗin gwiwar wani kamfanin Ingila mai suna David Whitehead & Sons. Bayanta masaƙu irin su Nortex da Arewa Textiles da UNTL suka biyo a shekarun 1960. Audugar da manoman Arewa ke nomawa ita ake sarrafawa, kuma dubban ma'aikata daga sassan ƙasar nan suka kwararo suka kama haya a Kakuri da Makera da Nasarawa. A Arewa Textiles ne Adams Oshiomhole ya yi aiki kafin ya zama babban sakataren ƙungiyar ma'aikatan masaƙu da teloli ta ƙasa a 1982, daga baya ya shugabanci Ƙungiyar Ƙwadago ta Najeriya, sannan ya zama gwamnan Jihar Edo.

Daga nan al'amura suka juya. Rashin tsayayyiyar wutar lantarki, tsadar man da injuna ke sha, tsufan injunan, da kwararowar atamfofi masu araha daga Chaina, wasu ta ɓarauniyar hanya, suka haɗu suka durƙusar da masaƙun. Kaduna Textiles ta rufe a 2002, sauran suka bi sahu ɗaya bayan ɗaya, har UNTL ma ta dakatar da aiki a 2007. Magidanta da yawa suka wayi gari babu albashi, wasu ma babu kuɗin sallama.

A irin waɗannan gidaje ɗawainiya ta koma kan ƙananan sana'o'in mata: suyar ƙosai, kitso, sayar da kayan miya, da ɗinki. Ba sabon abu ba ne a ƙasar Hausa mace ta nemi na kanta daga cikin gida. Kakanninmu sun yi kaɗi da mazari, sun yi saƙa, kuma har gobe matan birnin Zariya na ɗinkin hula da aikin wuyan riga a tsakar gidajensu. Keke ne kawai ya maye gurbin mazari.

Awa biyar na aiki, sauran na yara

Telan da ke da shago a bakin titi yakan buɗe da safe ya rufe da dare. Mai ɗinkin gida ba ta da wannan gata, domin agogon makaranta ne ke raba mata rana.

Tun asuba tana tsaye: ɗora ruwa, dama koko, wanka wa ƙanana, neman safar da ta ɓata. Sai wajen ƙarfe takwas, bayan gida ya yi tsit, take samun zama a kan keke. Daga nan zuwa ƙarfe ɗaya ko biyu da 'yan firamare ke dawowa, shi ne lokacin aikin da ke buƙatar natsuwa, wato awo da yanka da haɗa riga. Ko a cikin wannan ɗan lokaci akwai girkin rana, akwai goyo idan tana da jariri. Da yara sun dawo, almakashi ya koma ɓoye. Sai sun tafi Islamiyya ko darasin yamma ta ƙara samun awa ɗaya ko biyu. Da dare kuma aikin hannu ne: sa maɓalli, kalmasa, manna duwatsu, sau da yawa da fitilar waya.

Shi ya sa har yau keken ƙafa, irin Butterfly ko Singer, yake da daraja a unguwanninmu. Ba ya jiran a kawo wuta, ba ya shan fetur. Man keke da sabuwar allura da ɗan gyara lokaci-lokaci sun ishe shi ya yi shekaru yana aiki.

Aikin kuma yana da kakarsa. Da yake Musulmi da Kirista ne ke zaune a Nasarawa, mai ɗinki na da lokutan cunkoso da dama: azumi zuwa Ƙaramar Sallah, Babbar Sallah, watan Satumba da ake neman sababbin kayan makaranta, sai Disamba na Kirsimeti da bukukuwan aure. A waɗannan makonni barci kan yi ƙaranci. A tsakaninsu kuwa ana iya yin mako guda ba a kawo ko ɗinkin zani ba.

Me ya sa jaka?

A nan ne jakar hannu ta shigo. Riga sai an kawo yadi, an yi awo, an sa rana. Jaka kuwa ba ta da awo, ba ta jiran kowa. Ana iya ɗinka ta a lokacin da aiki ya yi sanyi, a ajiye har mai saye ya zo. Ga shi kuma tana cin guntayen atamfa da leshi da suka rage, waɗanda a da shara ake kaiwa, muddin mai yadin ta yafe su.

Aikinta yana da matakai. Da farko a zana siffar jakar a kan kwali a yanke, shi ne ma'aunin da za a riƙa ɗorawa a kan ƙyalle. Sai a manna ƙyallen a jikin soso ko wani abu mai tauri don jakar ta tsaya da kanta. A ɗinka shafi daban tare da ƙaramin aljihun ciki, a sa zif, a haɗa hannu ko igiyar ratayawa, sannan a juyo ta. Allurar da ke ɗinka atamfa, kamar mai lamba 14, ba ta jure kaurin jaka, sai an sauya zuwa 16 ko 18. Wurin da jaka ke fara mutuwa shi ne inda hannu ya haɗu da jiki, don haka gwanaye kan maimaita ɗinki a nan sau biyu ko uku.

Kayan haɗin, irin su zif da ƙarafuna da shafi da zare, akan sayo su a Kasuwar Sheikh Abubakar Gumi da ke tsakiyar gari, wato sai an haye kogi an biya kuɗin mota. Masu ɗan ƙarfi kan haɗa kuɗi su aika Kano a yi musu sari. Masu saye kuwa 'yan biki ne da ke son jaka ta dace da ankonsu, da 'yan mata, da iyayen da ke neman jakar littattafai ko ta kwanon abincin yara. Abokan gasa su ne gwanjo da jakunkunan roba na waje. Abin da telar gida ta fi su da shi shi ne za ta yi miki irin wadda kike so, kuma idan zif ya lalace kin san ƙofar da za ki ƙwanƙwasa.

Inda ribar ke zurarewa

Mu ɗauki alƙalami mu yi lissafi. Waɗannan kuɗaɗe misali ne kawai, domin farashi na sauyawa kullum. A ce jaka ɗaya ta ci zif na Naira 300, shafi na 400, soso na 500, ƙarafuna da igiya na 700, zare da gam na 200, sai kasonta na kuɗin motar kasuwa 300. Jimilla Naira 2,400. An sayar da ita 3,000. Riba 600 ke nan. Idan aikin ya ɗauki awa uku, ladan Mama Naira 200 ne a kowace awa.

To, a ce ta ɗinka jaka biyar, ta kashe 12,000. Huɗu an biya, ta karɓi 12,000. Ta biyar wata 'yar uwa ta ɗauka ta ce sai ƙarshen wata, kuma watan bai ƙare ba har yau. Awa 15 na aiki sun tafi a banza. An ce bashi hanji ne, yana cikin kowa, amma ƙaramar sana'a ba ta da cikin da za ta ɗauke shi.

Akwai wasu ramukan. Kuɗin ɗinki da na cefane sukan kwana a gwangwani ɗaya, sai a ci uwar kuɗi ba a sani ba. Kunyar maƙwabta kan hana a faɗi farashin gaskiya. Karɓar ɗinkin da ya fi ƙarfin lokaci kuma shi ke jawo abin da ake wa laƙabi da alƙawarin tela: ranar Sallah ta zo, riga tana kan keke, zumunci ya ɓaci.

Taimakon da ya dace da ɗan makaranta

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma babu laifi ɗa ya taya uwarsa aiki. Amma akwai taimakon da ke gina gida, akwai wanda ke cin gidan ta ƙarƙashi. Idan ɗinki ya yi yawa, mafi sauƙin abu shi ne a ce babbar 'ya ta zauna yau ta riƙe jariri, ko ta ɗauki jakunkuna ta zaga da su. Yau ɗaya, gobe biyu, kafin a ankara zango ya wuce, ta koma ta tarar an yi mata nisa. A ƙarshe keken da aka saya don a yi karatu shi ne ya hana karatun. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta wajabta wa kowane yaro shekara tara na karatu, firamare shida da ƙaramar sakandare uku, kuma ba ta ware 'yar tela ba.

Taimakon da muke ganin ya fi shi ne wanda ake yi da abin da aka koya a aji. Ɗalibin da ya iya tarawa da ɗebewa zai iya ware littafi guda ya raba shi uku: abin da aka kashe, abin da aka karɓa, da sunayen masu bashi. Zai iya rubuta awon kowace kwastoma da ranar da aka yi mata alƙawari, ya rataye kalanda kusa da keke, don a san lokacin da ya kamata a ce ɗinki ya isa haka. Zai iya ba da shawarar a riƙa karɓar kuɗin kayan haɗi tun kafin a sa almakashi. Wanda ya iya waya zai ɗauki hoton jaka da hasken rana, a ɗora a WhatsApp ɗin Mama, kaya su yi tallan kansu ba tare da an tura yarinya gidajen mutane ba.

Akwai kuma taimakon da ba ya buƙatar ko sisi. Zama da ƙanne a yi aikin gida da yamma yana ba Mama awa guda cur a kan keke. Tsince allura da reza daga ƙasa, rufe gwangwanin gam, da ɗauke dutsen guga mai gawayi daga inda mai rarrafe zai kai, duk aiki ne. Wannan bai tsaya kan 'yan mata ba. Namijin da ya share ɗaki ko ya kai ɗinki ranar Asabar bai rage komai daga mazantakarsa ba, balle ma manyan telolin garin nan da yawa maza ne.

Daga baranda zuwa babbar makaranta

Wanda ya tashi kusa da keke ya riga takwarorinsa fara darasi. Ɗinkin tufafi na cikin darussan sana'a da ake koyarwa a babbar sakandare, kuma ana rubuta jarrabawarsa a WAEC da NECO. Mai son ci gaba zai iya neman Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna, inda ake karantar zayyana da ɗinkin tufafi, ko sashen zayyanar masana'antu na Jami'ar Ahmadu Bello. Wanda jaka da takalmi suka fi burge shi, akwai cibiyar nazarin fata ta ƙasa, NILEST, a Samarun Zariya. Dukkansu sai da sakamako mai kyau ake shiga, shi ya sa barin aji saboda ɗinki asara ce ko ga mai son zama tela.

Masaƙun Kakuri sun koya wa Nasarawa cewa babban kamfani ma yana iya rufe ƙofa. Keken da ke baranda bai rufe ba, domin mai shi ba ta da damar gajiya. Aikinmu na wannan mako ga masu karatu shi ne: ku zauna da Mama ko Yaya ko Gwaggon da ke ɗinki, ku zaɓi jaka ko riga guda, ku lissafa duk abin da ta ci da awannin da ta ɗauka, ku kwatanta da kuɗin da ake biya. Ku nuna mata sakamakon, ku ji me za ta ce.