Ko ka san motar da ke gangara a giya ba ta shan ko ɗigon mai?

Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, babu dabarar tsimin mai da direbobi ba su tono ba, kuma wadda ta fi daɗewa a cikinsu ita ce sa mota a firi. Direba na hango gangara sai ya zare giya, ya bar mota ta tafi da nauyinta, yana ganin ya tsira da 'yan kuɗinsa. To amma a motar zamani lissafin a juye yake. Idan ka bar ta a giya, ka ɗaga ƙafa daga totur tana cikin gudu, ƙwaƙwalwar motar takan rufe nozul gaba ɗaya, man da ke shiga inji ya yanke ƙaf. Inji na juyawa, batir na caji, sitiyari na da laushinsa, amma duk tayoyi ne ke ɗaukar nauyin wannan aiki. Wato gangarar ce ke biyan kuɗin man.

Dalilin ba shi da wuyar ganewa. Inji ba ya tsayawa muddin akwai abin da ke juya shi. A giya, tayoyi na haɗe da shi, don haka gudun motar kansa ya isa ya riƙe shi, ƙwaƙwalwar kuma ta ga babu amfanin ƙona mai. Sai juyin injin ya sauko kusa da silo, wajen dubu ɗaya da ɗoriya a minti, sannan ta sake sakin man don kada ya mutu. A firi kuwa ka raba inji da tayoyi, ka bar shi ba mai juya shi, dole ya riƙe kansa da kansa a silo, abin da kan ci wa ƙaramar mota tsakanin rabin lita da lita ɗaya a awa. Duk wanda motarsa ke nuna yawan man da take sha nan take yana iya gani da idonsa: a giya lambar takan faɗi zuwa sifili, a firi ba ta kaiwa can.

Bai kamata a ce tsofaffin direbobi sun yi kuskure ba, domin a zamaninsu gaskiya suka faɗa. Peugeot 504 da aka riƙa harhaɗawa a Kaduna, inda kamfanin ya fara aiki a 1975, da kafireta take aiki. Kafireta kuwa ba ta da lissafi. Iskar da inji ke zuƙa ce ke janyo mai, don haka ko ka ɗaga ƙafa man bai daina tsiyaya ba. Wanda ya koyi tuƙi a irin wannan mota ya koya wa yaron motarsa, shi ma ya koya wa nasa, har darasin ya iso kan Golf da Corolla da Accord masu injekta, waɗanda aka ƙera bayan kafireta ta ɓace daga sababbin motocin Turai da Amurka a farkon shekarun 1990. Motar ta canza, karatun bai canza ba.

Akwai suka mai ƙarfi a nan, kuma ya cancanci amsa. Mai firi zai ce motarsa ta fi yin nisa kafin ta bukaci totur, tunda a giya inji na ja da ita baya. Haka ne. Idan totur na rufe, fistin na ƙoƙarin zuƙar iska ta ƙofar da aka toshe, kamar mai jan sirinjin da ya danne bakinsa da yatsa, wannan tirjiya ce ke rage gudu. A shimfiɗaɗɗen titi mai ɗan sauƙin gangara firi na iya cin ribar ɗan abu, shi ya sa wasu sababbin motoci masu giyar otomatik sukan zare giyar da kansu a irin wannan wuri. Sai dai kwamfuta ce ke yi, kuma takan mayar da giyar cikin ƙiftawar ido. Direbanmu kuwa ba a nan yake sa firi ba, a gangara mai tsayi yake sawa, irin Hawan Kibo a hanyar Akwanga zuwa Jos, inda motar za ta yi gudun da ya fi ƙarfin bukatarsa, dole ya danne ta da birki. Gudun da ya tara bai amfane shi ba, ya koma zafi a birki, ga kuma man silo yana ƙonewa.

Wannan zafin ne ya fi damuna fiye da man. Birki ba abin da yake yi illa mayar da gudu zafi, kuma akwai iyakar abin da zai ɗauka. Sabon man birki nau'in DOT 3 sai ya kai digiri 205 kafin ya tafasa, amma yana shan danshi daga iska, idan ya tsufa yana iya tafasa a digiri 140. Da ya tafasa sai tururi ya cika bututu, direba ya taka birki ya ji ƙafarsa ta nutse har ƙasa. Yawancin abin da ake kira tsinkewar birki a gangara ba ya rasa nasaba da zafi irin wannan. Ba banza ba jihar Kalifoniya ta haramta gangara a firi a dokarta ta hanya. Wanda kuma ya ƙara da kashe injin gaba ɗaya, sitiyari zai yi masa tauri, birkin ma bayan taku biyu ko uku ya zama kamar dutse.

Manyan motoci masu dizal sun fi shiga wannan haɗari, domin injinsu ba shi da waccan ƙofar iska ta totur, ba ya ja baya sosai. A 1931 Clessie Cummins, wanda sunansa ke jikin injinan Cummins har yau, yana saukowa da babbar mota daga mashigin dutsen Cajon a Kalifoniya, birkinsa ya yi zafi ya daina kamawa, da kyar ya tsallake jirgin ƙasa da ke ratsa hanyar. Abin ya tsaya masa a rai shekara da shekaru, har ya ƙirƙiro na'urar da ke buɗe bawul daidai lokacin da fistin ya gama matse iska, ƙarfin matsin ya fice ta salansa, injin ya zama birki. Kamfanin Jacobs ya fara sayar da ita a 1961. Ita ce ke yin wannan ƙara mai kama da harbin bindiga a jere da akan ji daga wasu tireloli a gangara, kuma ita ma ba ta aiki sai motar na cikin giya.