Atisayen Sadarwar Gaggawa na Masu Sha'awar Rediyo

1.0 Gabatarwa

Kakau gari ne a Ƙaramar Hukumar Chikun, kudu da Kogin Kaduna, a kan hanyar Kaduna zuwa Abuja. Kamar sauran garuruwan Nijeriya, kusan duk sadarwar mutanensa ta dogara ne a kan wayar salula. Ita kuwa wayar salula ba ta aiki sai da turakun sadarwa, turakun kuma ba sa aiki sai da lantarki ko man janareta. A ƙarshen watan Satumba na 2021 an rufe layukan waya a wasu sassan Jihar Kaduna, har da yankin Chikun, saboda dalilan tsaro, ba a buɗe su ba sai a watan Nuwamba. Haka kuma a watan Oktoba na 2024 yawancin jihohin Arewa sun shafe kwanaki cikin duhu sakamakon lalacewar manyan layukan lantarki. A irin wannan hali, ta yaya mai mara lafiya zai nemi mota, ko mai unguwa ya sanar da hukuma cewa ruwa ya ci gidaje? Wannan babi zai yi bayanin wata hanyar sadarwa da ba ta buƙatar turaku, da kuma yadda masu ita suke gwada ta kowace shekara.

2.0 Su Wane ne Masu Sha'awar Rediyo?

Masu sha'awar rediyo mutane ne da hukuma ta ba lasisin mallakar na'urar aika magana da karɓarta, don neman ilimi da taimakon jama'a, ba don kasuwanci ba. Sun bambanta da gidajen rediyo, domin gidan rediyo shi kaɗai ke magana jama'a na saurare, su kuwa magana suke yi da junansu, kamar yadda ake yi da oba-oba. Kowannensu yana da lambar kira wadda farkonta ke nuna ƙasarsa: ta Nijeriya tana farawa da 5N, ta Nijar kuwa da 5U. An kafa haɗaɗɗiyar ƙungiyarsu ta duniya, IARU, a birnin Faris a 1925, kuma ƙungiyar Nijeriya, NARS, tana cikinta.

3.0 Asalin Atisayen

Atisayen da ya fi shahara shi ne wanda ƙungiyar ARRL ta Amurka ta fara a 1933, ana ce masa Ranar Fita Fili. Ana yin sa a ranakun Asabar da Lahadi na huɗu na watan Yuni, kuma fiye da mutum 30,000 ke shiga kowace shekara a Amurka da Kanada. A shiyyar da ta haɗa Turai da Afirka ma ana yin makamancinsa a farkon Yuni da farkon Satumba.

4.0 Yadda Ake Gudanar da Shi

'Yan ƙungiya sukan bar tashoshinsu na gida, su kwashi kayan aiki zuwa filin makaranta ko wurin shaƙatawa ko kan tudu. A can za su kafa tantuna, su ɗaga eriya a kan bishiya ko turke, su haɗa na'urorinsu da batir ko farantin hasken rana ko janareta. Manufar ita ce a ƙaddara cewa bala'i ya auku, babu lantarki, babu waya, babu intanet. Daga nan sai a shafe awa 24 ana kiran wasu tashoshi, dare da rana, ana karɓa-karɓa.

Duk tashar da aka samu, sai a yi musayar lambar kira da rukuni da yanki, a rubuta a kundi. Kiran da aka yi da murya maki ɗaya ne, wanda aka yi da alamomin Mos ko ta kwamfuta kuwa maki biyu. Akan ƙara wa ƙungiya maki idan ba ta taɓa lantarkin gari ba, ko idan ta isar da rubutaccen saƙo ba tare da kuskure ba. Wato ke nan, gasar hanya ce kawai ta jawo mutane. Abin da ake aunawa shi ne ƙwarewa. A nan ne ake gane batirin da ba ya riƙe caji, da wayar da ta tsinke, da wanda bai iya maimaita saƙo daidai ba. Hausawa na cewa ba a fafe gora ranar tafiya.

5.0 Me Ya Sa Maganar ke Tafiya Nesa?

Masu sauraren rediyo a ƙasar Hausa sun daɗe da sanin gajeren zango. Irin wannan igiyar rediyo tana tashi sama, ta bugi wani sashe na sararin samaniya da hasken rana ke cika wa caji, sannan ta dawo ƙasa a wuri mai nisa. Saboda haka ba ta buƙatar turke ko tauraron ɗan'adam a tsakani. Alal misali, da za a kafa tasha a fili a Kakau a kan mita 40, abin da ake buƙata shi ne na'ura mai ƙarfin wat 100, da batir mai bolt 12, da waya mai tsawon kimanin mita 20. Idan aka shimfiɗa wayar ƙasa-ƙasa, sautin zai miƙe sama ya sauko a kewaye, ya isa Zariya da Kano da Abuja. Idan kuwa aka ɗaga ta sosai, da dare tana iya kai wa wasu ƙasashe.

6.0 Amfaninsa

An ga ranar wannan horo a lokacin ambaliyar teku ta 2004 a tsibiran Andaman na Indiya, da guguwar Katrina a Amurka a 2005, da girgizar ƙasar Nepal a 2015. A duk waɗannan wurare masu sha'awar rediyo sun isar da saƙonni tsakanin masu ceto da asibitoci da iyalai, a lokacin da layukan waya suka mutu ko suka cushe. Sai dai aikin yana da sharuɗɗa. Dole a mallaki lasisi, a tsaya a kan zangon da aka keɓe, a yi magana a bayyane ba da ɓoyayyun kalmomi ba, a kuma bi umarnin hukuma idan ta taƙaita sadarwa.

7.0 Kammalawa

Daga bayanan da suka gabata za a fahimci cewa na'ura kaɗai ba ta isa ba, sai da mutanen da suka saba kafa ta cikin gaggawa, suka kuma san juna tun kafin ranar buƙata. Ambaliyar da ta auka wa Maiduguri a watan Satumba na 2024 ta nuna cewa gari na iya yankewa daga maƙwabtansa cikin dare ɗaya. Kwalejojin ilimi, da ke da filaye da sassan kimiyya da ɗalibai daga ƙauyuka daban-daban, wurare ne da suka dace da fara irin wannan horo.

Auna Fahimta

1. Bambance tsakanin gidan rediyo da tashar mai sha'awar rediyo.
2. Me ya sa ake yin atisayen a fili ba a gida ba?
3. Kawo sharuɗɗa uku na amfani da irin wannan rediyo.