Jel ɗin rubutu a kan gato: yadda ake haɗa shi a gida

Duk mai yin gato a Agadez ta san abin da zafin Afrilu da Mayu yake yi wa kirim ɗin man shanu. Zafi ya haura digiri 40, kafin a kai gato gidan biki sunan amarya ya narke. Jel mai sheƙi da ake zana rubutu da shi ya fi jure rana, kuma ba sai an jira mai zuwa Yamai ya sayo ba.

A ƙaramar tukunya a zuba sukari babban cokali 5, garin Maïzena cokali 1, ruwa cokali 4, ruwan lemun tsami cokali 4. A dama tun da sanyi, don garin ba ya son ruwan zafi farat ɗaya, gudaji yake yi. Sai a ɗora a wuta kaɗan ana juyawa. Da farko fari ne kamar madara. Da ya tafasa zai yi kauri, ya washe har a hango gindin tukunya. A sauke nan take, a bari ya huce, a ɗiga kalar abinci.

Na fi son wannan haɗin a kan na jelatin, domin jelatin na kanti sau da yawa daga alade ake samo shi.

In babu jakar zane, a yanke bakin leda mai tsabta, ƙarami sosai. Hannu mai natsuwa zai fitar da giciyen Agadez tsaf. Ragowar a rufe a firij, a ƙarar cikin mako guda.