ASKE KAN INJI: RIBARSA DA HASARARSA

Duk wanda ya san hanyar Minna zuwa Kuta ya san Gwada, garin doya. Ran kasuwa sai ka ga motoci sun yi lodi har sun rinjaya, suna ta nishi a kan hanya. Irin wannan wahala ita ke sa inji ya yi zafi, ruwa ya tafasa a lagireto, murfin inji kuwa, wanda makanikai ke kira tofsilinda, ya kantare. Sai ka ga ruwa ya gauraye da baƙin mai, farin hayaƙi na fita ta salansa. Daga nan babu makawa sai garambawul. Ita kanta wannan kalma daga gareji ta fito, asalinta Turancin wasa bawul ne.

In an kwance murfin, akan kai shi Minna wurin masu injin aski, su kankare fuskarsa ta koma sumul. To, sau da yawa nakan ji direbobi suna roƙon a ƙara zurfafa askin, wai don mota ta ƙara ƙarfi. Maganarsu da ƙamshin gaskiya, amma akwai sauran rina a kaba. Abin da nake so in bayyana wa 'yan'uwana malamai ke nan, gama lissafin firamare ya isa ya raba gardamar.

Mu fara da famfon keke. Toshe bakinsa da yatsa, ka danna. Za ka ji iskar tana ture hannunka, famfon kuma ya ɗau ɗumi. Haka cikin inji yake. Fistin yakan sauka ya zuƙo iska da fetur, ya hau ya matse su a wani ɗan ɗaki da ke ƙarƙashin murfin, fulogi ya ba da wuta, su kama, su tunkuɗa fistin ƙasa, sa'an nan ya sake hawa ya kori hayaƙi. Wani Bajamushe, Nikolaus Otto, shi ya daidaita wannan tsari mai bugu huɗu a 1876. Gwargwadon matsi, gwargwadon ƙarfin tunkuɗa.

Ga yadda ake auna matsin. A haɗa filin da fistin ke sharewa da filin ɗan ɗakin nan na sama, sa'an nan a raba jimlar da filin ɗan ɗakin. Bari mu gwada da Peugeot 504, irin wadda aka riƙa haɗawa a kamfanin Kaduna da ya soma aiki a 1975. Injinta mai cc 1,971 yana da silinda huɗu, faɗin kowace milimita 88, tafiyar fistin kuwa milimita 81. Watau kowane fistin yana share wajen cc 493. Mu ƙaddara ɗan ɗakin cc 63 ne. In an haɗa, 556 ke nan. A raba da 63, a sami 8.8. Sai mu ce matsin injin 8.8 ne bisa 1.

Yanzu a aske milimita ɗaya tak, abin da bai kai kaurin ƙwayar gero ba. Da yake bakin silindar faɗi gare shi, ɗakin zai iya rasa har cc 6, ya koma 57. A sake lissafi: 493 da 57, 550 ke nan. A raba da 57, a sami 9.6. Kun ga yadda ɗan aski kaɗan ya ɗaga matsi kusan mataki guda.

Mene ne ribar? Bisa lissafin masana, tashi daga 8.8 zuwa 9.6 ba ya ƙara wa inji ƙarfi fiye da kashi biyu ko uku cikin ɗari. Direban da ya ɗauko doya daga Gwada da ƙyar zai ji bambancin a ƙafarsa. Ƙarfin da yake ji bayan garambawul, yawancinsa daga sabbin ringi ne, da bawul da aka wasa, da sabon gasket, waɗanda suka toshe inda iska ke zurarewa a da.

Hasarar kuwa ba ƙarama ba ce. Kowane fetur yana da iyakar matsin da zai jure. In an wuce iyakar, sauran man da wutar fulogi ba ta kai gare shi ba tukuna sai ya fashe da kansa farat ɗaya. Za ka ji wata ƙara ƙyas-ƙyas, kamar ana girgiza tsakuwa a gwangwani, tun ba in mota na hawan tudu da kaya a zafin bazara ba. Wannan ba shi ne nokin da makanikai ke faɗa ba, amma hanyar zuwa can ce, domin a hankali yana cin kan fistin, ya karya ringi, ya ƙone gasket. Sir Harry Ricardo na Ingila ya daɗe yana binciken wannan ƙara. A Amurka kuma, a 1921, Thomas Midgley ya gano cewa zuba wani sinadarin dalma a fetur yana kashe ta. Daga baya aka tabbatar dalmar guba ce, musamman ga yara, aka yi ta hana ta ƙasa bayan ƙasa, har Aljeriya ta zama ta ƙarshe a 2021. Kada kuma a ruɗe da manyan motoci masu shan gas, waɗanda matsinsu ke kai 16 ko 20 bisa 1. Su dama ba su da fulogi, zafin matsin ne ke kunna man, an kuma gina su don haka.

Ba nan kaɗai ta tsaya ba. In murfi ya sauko, bawul ya matso kusa da fistin, in askin ya yi yawa suna iya karo. A injin da sandar buɗe bawul take bisa murfin, saukowar takan sassauta bel ko sarƙa, lokacin buɗewa ya ɗan jinkirta. Babbar magana kuwa ita ce, ƙarfen da aka aske ba ya tsirowa kamar gashi. Kowane murfi yana da iyakar kaurin da masu ƙira suka yanka masa. Wanda ya cinye rabonsa a aski ɗaya, ran da inji ya sake zafi sai sayen wani.

Saboda haka shawarata ga mai mota ita ce: kafin aski, a ɗora miƙaƙƙen ƙarfe a fuskar murfin, tsaye da kwance da karkace, a zura ma'auni a ga yawan kantarar. A cire iyakar abin da zai daidaita shi, a tambaya ko an taɓa aske shi a baya. In tilas ta sa an ci da yawa, a nemi gasket mai kauri ya mai da gurbin. A ɗaure kusoshi daga tsakiya zuwa gefe, a sake saita bawul da lokacin wuta. Sa'an nan a gyara abin da ya kawo zafin tun farko, ko lagireto ne ko fanbel. Rigakafi ya fi magani.

Ku kuma malamai, ga darasi a ɓagas. Ku ari tsohon murfi a gareji, ku kwantar da shi ɗakin na duban sama, ku cika ɗakin da kananzir da sirinji, yara suna ƙirga cc. Sa'an nan su yi rabawar da kansu. Cikinsu akwai direbobi da makanikan gobe, kuma yaron da ya auna da hannunsa ba zai yarda a aske masa inji da ka ba. Allah ya sa mu dace, amin.